Rigar Babi na Huɗu

Shekara talatin da takwas Mai Guga ya yi yana tsaye a bakin teburi ɗaya, a rumfar da ke jingine da bangon gidansa, kuma duk layin nan babu wanda bai haddace kirarin da yake yi wa kansa ba: tun da ya ɗauki dutsen guga bai taɓa ƙona ko hankici ba. Yakan faɗa wa mai kawo kaya, ya faɗa wa mai karɓa, in babu kowa ya faɗa wa akuyar maƙwabta. Mutane sun gaji da ji, amma kaya dai suna kawowa, don gaskiyarsa ce. Ko tela in ya ɗinka riga ta ɗan karkace, wurinsa yake aikowa a daidaita masa ita da kari, mai rigar ya karɓa yana yabon tela.

Dokokinsa uku ne, kuma matarsa ta ce ko a barci yana karanto su. Dutse ba ya zama a kan tufa ko na numfashi ɗaya. In za ka sosa hanci, ɗora shi a kan bulo. Kafin ya taɓa yadi, sai ka lashi yatsa ka ɗana masa ka ji ƙarar da zai yi. Riga mai aiki a ƙirji kuwa, juya ta ake yi a goge ta baya, da jiƙaƙƙen ƙyalle a kai. Wanda duk ya ɗora dutse a fuskar aiki, in ji shi, ba mai guga ba ne, mai gasa nama ne ya ɓata hanya.

Bayan sunansa, abin da ya fi so a duniya Auta ce. Cikin 'ya'yansa shida ita kaɗai ta kai jami'a, tana karanta adabi. Ya taɓa tambayarta me ake yi da adabin nan, ta ce ana karanta littafi ne a faɗi abin da marubucin yake nufi.

"To marubucin mutuwa ya yi da ba za a je a tambaye shi ba?"

"Ko yana da rai ba a tambayarsa, Baba. Shi ma bai sani ba."

Mai Guga ya jinjina kai ya ce lallai boko ya yi nisa.

A shekarar ƙarshe dole kowane ɗalibi ya rubuta kundi, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, in bai kare ba babu digiri. Auta ta faɗa hannun wani malami da ɗalibai ke kira Dokta Gwagwarmaya, a bayan idonsa mana. Shi wannan bawan Allah duk littafin da ka miƙa masa abu ɗaya yake gani a ciki, faɗan masu shi da marasa shi. In saurayi ya ba budurwa fure a labari, Dokta ba ruwansa da soyayyar, sai ya buga teburi ya ce, wa ya ba furen ruwa, kuma ya ci abinci ranar? Koɗaɗɗun riguna yake sawa don a san da wa yake tare. Abin da ɗalibai ba su sani ba, rigunan nan a rumfar Mai Guga ake goge su. Matar Dokta ce ke kawowa a mota duk Asabar, da saƙo iri ɗaya: a goge, amma kada a fitar da kari sosai, kada a ce ya ji daɗi.

Littafin da aka ba Auta ta yi nazari sunansa Tabon Dutse, kuma a kansa Dokta ya zama Dokta. Wanda ya rubuta shi kuwa Mai Guga ya fi kowa saninsa, har girman wuyansa ya sani, don sama da shekara talatin ke nan duk Litinin da Alhamis yana shiga gidan ta ƙaramar ƙofar baya ya yi musu guga. Ya san Maigida na rubuce-rubuce, ana ɗaukar hotonsa, ana kiransa muryar talakawa. Bai taɓa tambayar me ke cikin littattafan ba, shi ma Maigida bai taɓa tambayar sunan 'ya'yansa ba, zama ya yi daɗi.

Wata rana da la'asar, saura sati biyu a kare kundi, Auta ta jawo benci cikin rumfa ta ce za ta gwada karatun a bakinta, Baba ya zama malamai. Ya ce bismilla, yana yayyafa wa wani wando ruwa.

Ta buɗe babi na huɗu. Wani attajiri ne za a karrama shi, ya fito da farar riga mai aiki a ƙirji wadda surukinsa ya ba shi. Da aka zo sawa sai ga tabon dutse a tsakiyar aikin, baƙi ƙirin, cikakken hoton dutsen tun daga hanci har gindi. Mai gugan gidan yana tsaye, kansa a ƙasa, bai ce komai ba. Nan babin ya ƙare. Auta ta ajiye littafin ta ɗauko kundinta, ta gyara murya.

"Wannan tabo ba kuskure ba ne. Shi ne sa hannun talaka wanda ba a koya masa rubutu ba. Da dutsen da ake bautar da shi da shi ya buga hatimin fushinsa a ƙirjin mai shi, daidai inda zuciya ya kamata ta kasance."

Ta ɗago don ta ga ko ya burge shi. Mai Guga ya ɗora dutse a kan bulo a hankali.

"Sake karanta min wurin rigar."

Ta sake.

"A fuskar aikin tabon yake?"

"Haka aka rubuta."

"Kuma duk hoton dutsen ya fito?"

"Tun daga hanci har gindi."

"To 'yar nan, ke da kika girma a rumfar nan, kin taɓa ganin mai guga ya goge aiki ta fuska? Kuma dutse ba ya fitar da hotonsa gaba ɗaya sai an ajiye shi an tafi. Wannan ba hannun mai guga ba ne."

"Baba, labari ne fa. Ƙirƙira aka yi."

"Ƙirƙira? Zaren aikin ruwan zuma ne, ko?"

Auta ta duba shafin, ta ɗago, ta sake dubawa.

Abin da ya faru, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, shi ne wannan. Mai Guga ya gama goge rigar tsaf ya rataye ta, ya fita bayan ɗaki ya zubar da toka. Maigida ya shigo a gurguje, ya ga wai wani ɗan lanƙwasa a ƙirjin rigar, ya ce bari ya taimaki kansa. Ya shimfiɗa ta, ya ɗauki ɗayan dutsen, ya ɗora. Sai waya ta yi ƙara a falo. Da Mai Guga ya dawo hayaƙi ya tarar, da Maigida tsaye yana riƙe da kai. Rigar kuwa ta uban Uwargida ce, da kansa ya sa aka ɗinko ta, kuma gidan da suke ciki ma nasa ne, motar tasa ce, har teburin da Maigida ke rubuta wahalar talakawa a kai. Suka ji takun Uwargida. Maigida ya dubi Mai Guga da ido irin na ɗan akuyar da aka ɗaure a ƙofar mahauta. Mai Guga ya sunkuyar da kai ya ce kuskure ne, a yafe masa. Uwargida ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa, daga baya ta huce, ta ce ɗan Adam ajizi ne. Maganar ba ta taɓa fita daga gidan ba. Ashe ta fita ta ƙofar gaba, da bango mai kyau, har ana koyar da ita.

Auta ta ajiye kundi a cinya. Shafi arba'in ta gina a kan fushin talaka, ga talakan a gabanta yana hura gawayi, ko ɗigon fushi babu.

"Baba, ba ka ji haushi ba? Ko kaɗan?"

"Na ji mana. Yadi mai kyau ne."

Da Auta ta yi shiru da bakinta da shi ke nan. Amma ƙuruciya, da kuma son gaskiya irin na wanda bai taɓa biyan farashinta ba. Washegari ta shiga ofishin Dokta ta ce tana da bayani game da babi na huɗu, mai gugan nan mutum ne na gaske, mahaifinta ne. Niyyarta ta ƙarasa. Ina! Dokta ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya kama zagaye ofis yana cewa shekara ashirin yana faɗa ana masa dariya, yau ga tarihi ya shigo da ƙafarsa. Ta ce, "Amma Dokta, shi ya ce..." Ya ce kada ta ɓata, yana so ya ji daga bakin ma'aikaci kai tsaye, a gaban kowa, ranar kare kundi. Zai gayyato Marubuci da iyalinsa, zai gayyato 'yan jarida. Ya tambaye ta uban yana jin magana sosai, ko sai an nemo mai yi masa bayani.

Ta dawo gida idanu jawur. Uwarta ta ce ai ga irinta nan, an aike ki karatu kin ɗauko mana taro. Auta ta zayyana wa uban yadda abin yake. Akwai ɗalibin da ya taɓa cewa a kundinsa ƙila dai tabon nan tsautsayi ne. Shekara biyu ya ƙara, har yanzu in ya ji an ce guga sai ya tashi daga wurin. In Baba ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce talaka bai ƙona komai ba, Dokta ba zai iya korar Baba ba, amma kundinta a hannunsa yake.

"To in na ce ni na ƙona fa?"

"Zai tambaye ka ko da gangan ne."

"Da gangan." Mai Guga ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa. "Ni. In ɗauki dutse in ɗora a fuskar aiki. In tsaya ina kallo."

Ya dubi igiyoyin rumfar, cike da rigunan mutane, kowacce mai ita ya miƙo ta ya tafi bai waiwaya ba. Sunan nan shi ne jarinsa, ba shi da gona, ba shi da shago. Ya dubi Auta. Ya ɗauki dutse ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Alhamis, bayan ya gama aikin gidan Marubuci, ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya cire takalmi ya bi dogon baranda har ƙofar ɗakin karatu. Littattafai har rufi, sanyin na'ura kamar cikin randa. Maigida na kishingiɗe, furfura ta yi masa kyau, tabarau a goshi.

"Ranka ya daɗe, maganar rigar nan ce."

Maigida ya leƙa baranda, ya ce ya shigo ya rufe ƙofa. Bai ce ya zauna ba, amma cikin ladabi bai ce ba.

"Na samu takardar gayyata. Ashe 'yarka ce. Ban san kana da 'ya a jami'a ba."

"Shekara huɗu ke nan, ranka ya daɗe. Me zan ce musu?"

Maigida ya sauko da tabarau, ya goge, ya mayar goshi. Ya ce adabi abu ne mai zurfi. Ya ce akwai gaskiyar abin da ya faru, akwai kuma gaskiyar da ta fi ta girma. Ya ce shi kansa, bayan shekara ashirin yana sauraron Dokta, wani lokaci sai ya ji kamar dai haka aka yi.

"Ka tabbata ranar ba ka ɗan ji wani abu a ranka ba? Wani ɗan ɗaci haka?"

"Ina bayan ɗaki ina zubar da toka, ranka ya daɗe."

"Haka ne, haka ne." Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Uwargida ma za ta je. Ta ɗinka sabon kaya."

Nan dai Mai Guga ya gane cewa shawarar da ya zo nema an riga an ba shi, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da ido ɗaya irin wannan.

Ranar taro ya tashi da wuri ya goge rigarsa shuɗiya, sitati ya kama ta, kari kamar bakin wuƙa. Da suka isa, Dokta ya tarye su a matakala, ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa, yana kiransa ɗan'uwa. Sai kuma ya ja da baya ya dube shi sama da ƙasa, fuskarsa ta ɗan faɗi.

"Baba, ai da ka zo a yadda kake. Kayan aikinka. Mutane su ga zahiri."

"Haka nake, Dokta. Ni mai guga ne."

Mai Guga kuwa rigar Dokta yake kallo. Ya gane ta, mai maɓallin da bai yi kama da sauran ba. Shekaranjiya ta bar teburinsa.

Aka ce ya ɗan jira a baranda sai an kira shi, don shigowar tasa ta yi armashi. Kujerun duk an kwashe an kai ciki saboda manyan baƙi. Ya tsaya. Tsayuwa ba baƙuwarsa ba ce. Ta taga yana hango Auta a gaban dogon teburi, malamai huɗu a zaune, Marubuci da Uwargida a kujerun gaba masu laushi. Aka wuce ta gabansa da tiren shayi da biskit sau biyu. Daga ciki yana jin muryar Dokta na tashi tana sauka, yunwar talaka, gumin talaka, ƙafafun talaka da suka kumbura da tsayuwa. Mai share baranda ta zo ta ce ya ɗan matsa. Ya matsa.

Ya ji Auta na magana. Muryarta ta fara da rawa, sannan ta zauna. Tana jero kalmomi manya-manya ba ta tuntuɓe, malamai na gyaɗa kai, wani na rubutawa. Yarinyar da ya goya a wuya ya kai ta makaranta ranar farko tana kuka. Bai fahimci rabin abin da take cewa ba, kuma rabin da ya fahimta ƙarya ne, amma wallahi ta iya faɗa.

Bayan awa biyu aka buɗe ƙofa. Dokta ya shigo da shi yana riƙe da kafaɗarsa, ya ce ga babi na huɗu da ransa. Aka yi tafi. Mai hoto ya durƙusa.

"Baba, ba mu son mu wahalar da kai. Tambaya biyu ce. Rigar nan da ke cikin littafi, wa ya ƙona ta?"

Mai Guga ya dubi kujerun gaba. Maigida ya sami wani abu mai ban sha'awa a cikin kofin shayinsa. Uwargida na murmushi irin na wadda ta yafe tuntuni kuma tana so a sani.

"Ni ne."

"Madalla. To yanzu, kada ka ji tsoron kowa. Nan gidan ilimi ne, kowa daidai yake da kowa. Kuskure ne, ko da gangan?"

Auta ta sunkuyar da kai, ta damƙe gefen kundinta har yatsunta suka yi fari. Ba ta dube shi ba, kuma ya san don kada ta roƙe shi ne. Ya ji dokokinsa uku sun taso masa har maƙogwaro. Kalma goma ta isa, a fuskar aiki tabon yake, ku tambayi kowane mai guga. Ya haɗiye su.

"Da gangan."

Dokta ya rufe ido kamar wanda aka ɗura wa zuma.

"Me ka ji a ranka lokacin da kake ɗora dutsen?"

Wannan ba ta cikin tambaya biyun. Mai Guga ya yi ɗan tunani, ya tuno karatun Auta a rumfa.

"Fushin talaka," in ji shi.

Ɗakin ya ɗauka. Ɗalibai suka miƙe tsaye. Wani malami ya share ido. Marubuci ma ya yi tafi, a hankali, da yatsu uku. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Uwargida ta ajiye kofinta, murmushin nan ya sauka daga fuskarta kamar an zare labule, ta dube shi tun daga hula har takalmi. Shekara talatin da ɗaya tana ba shi ragowar abincin rana a kan ta ɗauka kuskure ne.

Auta ta ci, da maki mafi girma a ajinsu. Mai hoto ya sa aka samo dutsen guga daga ɗakin kwanan ɗalibai, na lantarki ma, aka ba Mai Guga ya ɗaga sama. Ya ce ba haka ake riƙewa ba, aka ce haka ya fi kyau a hoto.

Kwana uku hoton ya fito a jarida, Dokta kuma ya shiga rediyo ya yi awa guda, har da kwatancen layin da rumfar take, don jama'a su san inda tarihi ke zaune. Jama'a kuwa suka sani. Matar mai shagon kan kwana, wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba, ita ta fassara wa layin nazarin gaba ɗaya cikin jimla ɗaya: ashe in ya ji haushinka ƙona maka riga yake yi. Kowa ya shiga lissafin ko ya taɓa ɓata wa Mai Guga rai. Wanda ya taɓa yi masa tsawa a kan jinkiri ya aiko a karɓo masa kayansa ko ba a goge ba. Tela ya daina aikowa. Mai kemis ya zo da kansa, ya tsaya daga nesa, ya ce shi fa a iya saninsa talaka ne shi ma, a dai duba.

Uwargida ba ta yi doguwar magana ba. Mai gadi ta ba saƙo, ranar Litinin ya tare ƙaramar ƙofa ya ce an ce a huta.

Asabar matar Dokta ta zo a mota, ba ta kashe injin ba. Ta sauke gilashi ta ce Dokta na gaishe shi, yana tare da shi ɗari bisa ɗari, ya ce abin da ya yi jarumta ce. Sai dai rigunan Dokta ba su da yawa, kuma ka san shi da yawan magana, ba a san ranar da zai faɗi abin da zai ɓata wa mutum rai ba. A miƙo mata na makon jiya.

Mai Guga ya miƙa mata, a ninke, ba kari sosai.

Igiyoyin rumfa suka koma wayam. Ya daina kirarin hankici, don ko akuyar ya ga kamar tana masa wani kallo. Auta ta ce za ta je ta faɗi gaskiya, ta rubuta a jarida, ta mayar musu da digirin in ya kama. Ya ce in ta kuskura sai ya saɓa mata.

"Na ƙona riga ɗaya a rayuwata, da baki na ƙona ta, kuma na ga abin da na saya da ita. Ki bar min kayana."

Ya sa aka yi wa takardar digirin gilashi, ya rataye ta a rumfa a kan igiyar da ta fi kowacce tsawo, tunda akwai wuri.

Sati na uku da fitowar hoton, da hantsi, yana zaune a benci yana kallon dutse mai sanyi, sai ga wani dattijo ya shigo layin a ƙafa, hula ta rufe goshi, da ƙullin kaya a hammata kamar wanda ya sato. Ya wuce rumfar, ya dawo, ya waiga hagu da dama, ya faɗo ciki. Maigida ne. Wuyan rigarsa ya yi wani ƙyalli, alamar sabon mai gugan da Uwargida ta ɗauka yana danna dutse kamar yana kashe kunama.

"Na bar motar a bakin titi," in ji shi yana haki. "Ba ta san na zo ba. Dubi abin da yaron can... dubi abin da mutumin can ya yi min. Jibi za a karrama ni, an sake buga littafin saboda maganar nan. Ba wanda ya iya wuyana sai kai."

Mai Guga ya kwance ƙullin. Farar riga, mai aiki a ƙirji. Ya shafa zaren da bayan hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Ba ka tsoron fushin talaka, ranka ya daɗe?"

Maigida ya yi 'yar dariya, ta maƙale a hanya. Ya ce ai su biyu sun san juna.

"Mun sani. To dutse ya yi sanyi, kwana biyu ba aiki, ni kuma kafaɗata ta riƙe." Ya zuba gawayi, ya ƙyasta ashana, ya miƙa masa mafici. "Ga shi. A hankali, ta ƙasa, kada toka ta tashi."

Maigida ya dubi maficin, ya dubi layi, ya dubi rigarsa. Ya tattare hannun riga ya tsuguna. Hayaƙi ya shiga idonsa, ya yi tari, ya ci gaba. Mai Guga ya gyara zama a benci, ya miƙe ƙafafu, yana ba da umarni: ƙara, rage, ba haka ba, ashe dai hannun bai canja ba.

Auta ta fito daga cikin gida da kofin ruwa, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Muryar talakawa a tsugune yana fifita, talaka a zaune yana kaɗa ƙafa.

"Baba," ta ce a hankali, "da Dokta zai ga wannan..."

"Ki rufa min asiri," in ji Mai Guga. "Shi kaɗai ya rage min cikin masu kawo kaya. Dokta na gani zai shiga rediyo, ya kore min shi."

Ya miƙe, ya lashi yatsa ya ɗana wa dutse, ya ji ƙarar ta yi. Sannan ya juya rigar ta baya, ya ce wa Maigida ya matso ya kalla, ko don babi na gaba.